Tauraron Yaya Da Ya Zama Uku

A shekarar 2004 makarantar sakandaren da ke bayan layinmu ta sabunta ɗakin gwaje-gwajenta, aka fitar da tsofaffin kaya waje. A cikinsu akwai madubin hangen nesa mai tsagaggen gilashi. Maƙwabcina Mai Tabarau ne ya roƙe shi, ya kai shagonsa, inda tun yana saurayi yake yanka gilashi da ɗaure karyayyun ƙafafun tabarau.

Mutumin yana da wata ɗabi'a tasa ta kansa. Duk lokacin da aka yi masa haihuwa, sai ya hau saman bene da faɗuwar rana, ya zaɓi tauraro, ya ce na jaririn ne. Babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ta sami wani fari mai kyan gani. Maza biyun da suka biyo ta kowa ya sami nasa. Auta kuwa da damina aka haife ta, sama a rufe da hadari. Aka ce sai gari ya washe. Da ya washe, aka manta. Ta girma ana tsokanarta da "mara tauraro", tana taya su dariya, amma uban ya san dariyar ba ta kai ciki ba. A shekarar da ya sami madubin ta gama karatun jinya, aka tura ta aiki wani gari mai nisa, shi kuma ya ƙudura ba za ta tafi hannu rabbana ba. Sai dai duk tauraron da ya nuna mata, sai ta ce ta gode, lokaci ya wuce.

Da ya sauya gilashin madubin, tauraron Yaya ya fara gwadawa a kai. Maimakon ɗigo ɗaya sai ya ga uku: biyu dab da juna, na ukun ƙarami a gefe. Ya ɗauka aikinsa ne bai yi kyau ba, ya kwance, ya goge, ya sake ɗaurawa. Ukun suna nan.

Ya kira ni, da yake ni malamin makaranta ne, na gaya masa abin da littafin kimiyya ya ce. Taurari da yawa ba su kaɗai suke ba. Ƙarfin jan da ke tsakaninsu yana riƙe su suna kewaya juna, nisa ne ke sa ido ya gan su a haɗe. Masana sukan bar musu suna ɗaya, su bambanta su da haruffa, mafi haske A, sai B, sai C.

Ana gobe Auta za ta tafi, ya tara iyalinsa a saman bene, kowa ya leƙa.

"Auta, na gefen nan naki ne," in ji shi.

"Baba, a cikin nawa za ka yanka mata?" in ji Yaya. "Ashe dukiya gare ni ban sani ba!"

"Kun ji ko?" Auta ta ce. "Riga ragowar Yaya, takalmi ragowar Yaya, yau kuma tauraro. Baba, ni kam riƙe abinka."

Uwarsu ta ce, "Ni da na haife ku duka, wa ya taɓa ba ni ko tauraron kwano?"

Aka yi dariya, ban da uban. Ya ce a hankali, "Kuskurena ne, Auta. Na gefen ya fi nisa, amma Malam ya ce ba ya rabuwa da sauran."

Auta ta sake sa ido a madubin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Na karɓa, amma da sharaɗi. Tunda ukun suna ɗaya suke amsawa, daga yau sunana ne. Yaya ta riƙe harafinta."

Yaya ta yi ƙorafi, 'yan mazan suka goyi bayan Auta, uwar ta karɓe na tsakiya ba tare da an yi mata tayi ba.

Yau Mai Tabarau ya bar wa ɗansa na biyu shagon, domin hannunsa ya soma rawa. Auta tana can garin da aka tura ta, ita ce shugabar ma'aikatan jinya a sashen yara, kuma tana zuwa gida duk hutu. A gidan ana kiran taurarin Auta A, Auta B da Auta C. Yaya ce kaɗai har yanzu ba ta amince ba.