Bindiga a Cikin Buhun Riɗi

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka kama hanyar Haɗeja, ni da ɗan ƙanwata da direbansa. Shekara uku ke nan ɗan ƙanwar tawa yana sayen riɗi yana sayar wa manyan dillalai. Bana ne ya samu mai saye na kansa, wani Baturke, suka daidaita a kan kwantena guda, kuma duk abin da ya mallaka yana cikin buhunan nan. Ya roƙe ni in raka shi ranar lodi saboda na yi shekaru ina aikin tafinta a tashoshin jiragen ruwa na Jidda da Iskandariyya da Istanbul. Na san takarda, ina kuma jin Turkanci gwargwado.

Hanyar Ringim ba laifi, sai inda ruwan bana ya ci gefen titi. A Gujungu muka tsaya karin kumallo. Na yi wa mai ƙosai ƙorafin ƙanƙantarsa, ta ce man gyaɗa ne ya yi tsada, shi ya sa ƙosan ya rame. Da muka kusa Haɗeja sai fadama ta buɗe: ruwa ya ja baya, ana yankan shinkafa, ciyawar kacalla kuma ta cinye wurare masu yawa. A bakin kogin Nilu ban taɓa ganin an bar wa ciyawa ƙasa mai kyau haka ba.

Siton ɗan ƙanwata yana kan hanyar Malam Madori. Mun tarar tirela ta iso da kwantena, 'yan dako sun fara aiki. Buhunan duk iri ɗaya ne, farare masu tambarin ɗan ƙanwata, domin shi ya raba wa manoma su tun kafin girbi. Na zauna ina duba takardun fitar da kaya. Kowace abu ɗaya ta faɗa: riɗi zalla, buhu kaza, nauyi kaza.

Bayan azahar, an loda fiye da rabi, sai ga wani dattijo daga Guri a bayan babur, riƙe da kwalin bandar kifi. Tsohon maharbi ne da ya koma noma. Riɗinsa fes yake zuwa, ba a sake sheƙe shi, sikeli kawai ake ɗora shi. Bayan gaisuwa ya dubi ɗan ƙanwata.

“Ɗana, saƙon baƙonka ya hau mota kuwa?”

“Wane saƙo, Baba?”

“Bindigar mana. Gyara na yi masa.”

A hankali muka jawo zancen. Ashe da Baturken ya zo duba gonaki da damina, a zauren dattijon ya ci abincin rana. Ya ga wata gajeriyar adaka rataye a bango, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, gadon mahaifin dattijon, an yi mata ado da tagulla da jar fata. Ya sauke ta ya daɗe yana shafawa. Dattijo ya riƙe abin a ransa. Da zai kawo riɗinsa makon jiya, sai ya naɗe ta a tsumma ya tura tsakiyar buhu ya ɗinke. Mai awo ya ga buhu ɗaya ya fi nauyi, ya ɗauka karamci ne.

Ɗan ƙanwata ya zauna a kan sikeli bai ma sani ba. Ya ce, “Kawu, na shiga uku.” Gaskiyarsa. Na ga yadda ake haska kwantena da na'ura a tashar jirgi, ƙarfe ba ya ɓuya a cikin hatsi. In aka gan ta a Legas, kwastam za su riƙe kayan duka, lasisinsa ya tafi, shi kuma a tsare shi da sunan safarar makamai. Babu wanda zai tsaya sauraron labarin gyara.

“Baba, wane buhu ne?”

“Na ɗinke bakinsa da jan zare. Ni ba mahaukaci ba ne da zan aika saƙo ba alama.”

Bakunan buhunan kuwa duk ciki suke kallo. Dole aka fara sauke abin da aka yini ana lodawa. 'Yan dako suka yi ta gunaguni, babbansu ya ce wa dattijon, “Baba maharbi, yau mu ka harba.” Shi ko a jikinsa, yana zaune a inuwa yana mamakin yadda aka mai da alheri abin tashin hankali. Ya ce shekara nawa yana ba direbobi saƙo zuwa Nguru da Maiduguri, ba a taɓa tambayarsa takarda ba.

Sai bayan la'asar aka ga jan zaren, can a layin farko. Aka farke buhu aka zaro ta. Na tambaye shi ko akwai wani abu a cikinta. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Alhaji, a ba baƙo bindiga cikinta wayam? Ai cin fuska ne.”

Nan da nan wurin ya yi fili. Direban tirela, wanda da ita zai yi kwana biyu a hanya, ya yi ta maimaita salati. Muka ɗauki dattijon a mota muka fita bayan gari, can bakin fadama inda babu kowa, ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ƙarar ta tashi garken tsuntsayen ruwa, hayaƙi ya rufe shi, ya fito yana murmushi. Ya ce albarushinsa bai taɓa ba shi kunya ba.

A nan na kira Baturken na faɗa masa. Ya ce da ta iso, shi ma da gidan yari zai kwana. Na bayyana wa dattijon cewa ko tsohuwar bindigar ado ce, sai da izinin hukuma a nan da izinin hukuma a can, kuma dillalai masu lasisi ne ke aikawa, ba a cikin abinci ba. Ya ce, “Duk wannan don kyauta? To ka gaya masa tana nan a bango. In ya dawo ya zo ya shafa.” Sai ya nuna kwalin kifin ya ce a sa masa wannan a madadinta. Na ce shi ma ba zai shiga ba. Mu muka ci shi da tuwon shinkafa, kuma ban ci banda mai daɗinsa ba ko a Baga.

Washegari da hantsi aka gama lodi, aka cika buhun nan daidai awo, aka rufe. Mun iso Kano kafin magariba, ɗan ƙanwata na barci tun daga Taura.

Na yi yawo a kasuwanni da yawa, ban ga inda mai sayarwa ke jin kunyar sallamar mai saye ba tare da ƙari ba kamar ƙasarmu. Hali ne mai kyau, ba na so ya ɓace. Amma duk wanda zai fitar da kaya waje, kafin ya raba wa manoma buhu, ya zauna da su ya faɗa musu da baki: a kwantena babu gyara, babu saƙo. Ɗan ƙanwata ya ce baɗi da kansa zai riƙa ɗinke kowane buhu.