Gonar Likita

Shekarar da na ce za ni koma jami'a in karanci likitanci, ina da digirina na farko, ina koyarwa a wata sakandare a Isa. Na je Sakkwato neman tallafin karatu, aka ce mini wanda aka ɗauki nauyinsa sau ɗaya ba a sake ɗauka. Na dawo garinmu Tozai.

Na iske mahaifina a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, na gaya masa yadda aka yi.

"To kai mi kake so?" ya tambaye ni.

"Baba, har yanzu raina yana wurin."

Ya ajiye fartanyar, sannan ya ce, "Gonar nan ta bakin gulbi, daga bana abin da ta bayar na karatunka ne."

Ita ce ta fi kowace gona albarka a gidanmu. Yayyena suka riƙa noma ta, da kaka su kai dawar kasuwar Sabon Birni. Tun ban iya riƙe allura ba mutanen gari suke kiranta gonar likita.

Yau ina duba marasa lafiya a birni, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da na fi kewa shi ne hutun damina, in shiga kunyoyin gonar ina noma, yayyena suna dariyar yadda tafin hannuna ya yi laushi, shi kuma yana cewa su ƙyale ni in huta.