Ruwan Jego Daga Saman Kwano

Ana sallame sallar asuba muka bar Wudil zuwa Jos, ni da Gwaggo, ƙanwar babanmu. Yayata ce ta haihu a can, Gwaggo kuma ta rantse sai ta dawo da ita gida wankan jego. Wai garin sanyi ne, itace da tsada, za a bar yarinya ta kumbura. Ita kuwa Yaya ta aiko cewa ba ta son barin ɗakinta.

Titi sabo fil, kwalta sai sheƙi take. Tun da kuɗin fetur ya shigo, kowane direba gudu yake kamar an biyo shi. A Birnin Kudu muka sayi dafaffen ƙwai, tsadarsa sai ka ce kazar ta yi boko. Daga Ningi duwatsu suka fara, Gwaggo ta shiga ƙara mayafi.

Jos dai sanyi ne na gaske. Ga rana tar a sama, ga haƙorana suna karo. Amma dankalin turawa da kabeji kamar a banza, na ci har na ji kunya.

Da la'asar muka tarar da Yaya ta yi fes, jaririya kuma tubarkalla. A saman kwanon gidansu akwai wani akwati mai murfin gilashi, cikinsa baƙaƙen bututai, ga tanki a gefe. Mijinta makanike ne a wurin haƙar kuza, shi ya haɗa abinsa.

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, rana ce ke dafa mana ruwan."

"Wace ranar? Wannan da ko tsumma ba ta busarwa? Ke, haɗa kayanki."

Yaya ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ni ban iya dogon zance ba. Na jawo bokiti, na murɗe famfo, na ce, "Gwaggo, sa hannu mana kowa ya huta."

Ta tsoma har wuyan hannu, ta fizge tana salati.

"Ja'ira, saɓule ni za ki yi?"

Yaya ta yi dariya har jaririyar ta farka.

Gwaggo ba ta sallama nan take ba. Da safe ta sake gwadawa, ta ji ruwan ya huce, ta yanke hukunci: wankan safe a hura wuta, na yamma a bar wa rana. Kuma ita ba inda za ta je sai an yi arba'in, don ba ta yarda da aikin maza ba.

Ni kaɗai na dawo. Motarmu ta shigo Wudil da azahar, kwanukan gari suna ta ƙuna. Abin da na koyo ke nan: mutanen Jos sun sa ranarsu mai sanyi aiki, mu tamu mai narka kwalta sai tsine mata muke muna neman inuwa. Ina ajiye jaka na ce wa Baba a nemo mini tsani in hau saman kwanonmu.