Fetur a Rufin Mota

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a China na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki da gado a ciki, na ajiye ta kusa da tashar jiragen ruwa ta Nansha a birnin Guangzhou ina jiran jirgin da zai ɗauke ta. Son kallon ƙwallo ya sa na sayo eriyar talabijin a unguwar Tianhe. Mai shagon ya ce zai turo mai ɗaurawa, na ce ya barshi, ai ni na ɗaura ta gidanmu a Kano.

Na hau na huda rufin, na zura waya, hoto ya fito tas. Bayan kwana biyu ruwan Guangzhou ya sauko, ya bi wayar ya jiƙa katifar sharkaf.

Cikin haushi na yi dabarar gida. Na narka farin soson nan da ake tokare kaya da shi a kwali a fetur, yadda muke liƙe kwano mai yoyo, na ɗura a ramin. Ashe cikin rufin ma soson ne. Fetur ya bi shi yana ci, rufin ya lotsa, eriyar ta kife ina kallo.

Wasan ƙarshe a tsaye na kalle shi, a shagon mutumin da na ce wa na iya.