Abin da Mai Kwalekwale Bai Ji Ba

Duk shekara idan damina ta yi nisa, kogi ya koma ja, akwai wani warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa da yake taso wa mai tsallaka gada. Ko ina cikin taksi ne sai ya same ni. In ya same ni kuwa, sai in koma yarinya a gidanmu na Lamorde.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Mu kaɗai ne Kirista a cikinsa, sauran duk ɗaliban jami'a ne daga Damagaram da Tawa, kuma kowannensu Inna yake ce wa kakata. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifina daga Maraɗi, ya taho da mu, da kakata ta wajen uwa, da autanta, wato kawuna.

Da kun san kawun nan nawa, da kun so shi. Dogo ne, mai yawan dariya. Sana'arsa ita ce ya je Tondibiya, ya tsallaka kogi zuwa lambuna, ya saro kabewa ya kai kasuwar Peti Marshe. Ba ya dawowa gida hannu sake. Ranar Lahadi yana zuwa majami'a, sai dai a bencin baya yake zama, kusa da ƙofa. Duk lokacin da fasto ya buɗe ajin masu shirin baftisma, kawu zai ce a bari kabewa ta ƙare. In ta ƙare, albasa ta shigo.

Kaka kuwa kowace safiya takan durƙusa a kan buhu a bakin ɗakinta, ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. A kan sunan kawu take daɗewa. Wata safiya yana wanke fuska ya ji ta, ya yi dariya.

"Inna, ai addu'arki ta ishe mu, ni da ke."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Auta, roƙo nake yi maka. Amma ranar da za a kira ka, ba ni za a tambaya ba."

"Ina nan tafe, Inna. Bari ruwa ya ɗauke."

Ruwa bai ɗauke ba. Wata la'asar hadari ya taso daga gabas kawu yana tsakiyar kogi, kwalekwale cike da kabewa. Iska ta kife shi. Mai kwalekwalen ya kai gaɓa da ƙyar, kawu kuwa sai washegari masunta suka tsamo shi.

Ɗaliban gidanmu ne suka yi ta ɗebo ruwa da shimfiɗa tabarmi ga masu gaisuwa. Fasto ya ce Allah kaɗai ya san abin da ke tsakaninsa da zuciyar bawansa, kuma jinƙansa ya fi tunaninmu faɗi. Kaka ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

Da aka watse makoki, sai ta ce in ɗauko gyalena in raka ta Tondibiya. Ita ba ta jin Zabarmanci, yaren mutanen can, ni kuwa a lakwal, wato makarantar boko, da bakin famfo na koye shi. Muka tarar da mai kwalekwalen zaune a inuwa yana ɗinkin taru, dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya gane ko su wane ne mu, ya ajiye tarun ya sunkuyar da kai.

"Tambaye shi," in ji kaka, "da jirgin ya kife, me ɗana ya ce?"

Na tambaya. Dattijon ya ce ya ga kan kawu ya ɓullo sau ɗaya, fuskarsa na kallon sama, bakinsa na motsi. Amma ga iska ga ruwa, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Na san abin da kaka take son ji. Sunan Yesu kawai zan ƙara a cikin maganar, ta koma gida ta yi barci. Na buɗe baki zan fara. Ta kama hannuna ta matse.

"Abin da ya faɗa kawai za ki faɗa mini."

Na faɗa mata. Ta yi wa dattijon godiya, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Ta je bakin ruwa ta tsaya, ta daɗe tana kallon tsakiyar kogi. A mota muna dawowa ta ce, kamar ba da ni take ba, "Bakinsa yana motsi." Har ta bar duniya, wani lokaci tana tsintar shinkafa sai in ji ta maimaita wannan magana.

Ita da nata lokacin ya matso, ba ta aiki kowa ba. Da sandarta ta bi ɗakunan gidan, ta nemi gafarar kowane ɗalibi, har da wanda suka taɓa faɗa a kan igiyar shanya.

Yau an rushe gidan, an yi bene. Majami'armu ta girma, ga lasifika, ga ganguna, addu'a kuma a waya ake turo mini ita in danna amin in wuce. Na riga na girmi kawuna nesa ba kusa ba. Amma akwai wani ɗan lokaci kafin a tashi daga sujada, da fasto yake cewa kowa ya yi shiru a gaban Ubangiji. Ganguna su tsaya. Mijina yana damata, ƴata tana haguna, kuma babu ɗayansu da zai iya shiga wannan shirun tare da ni. Sai in rufe ido in shiga.