Lungun Bayan Injin Niƙa

Shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin safiyo yana zana taswira da hannu, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa kama shi da layi ɗaya a karkace. Shi ya sa ake ce masa Ba-Kuskure. Sunan ya bi shi har gida, don matarsa in ta so tsokana sai ta ce, "Ba-Kuskure, ka sa rigarka a baibai." Ba ya dariya. Mutum ne da in ka tambaye shi hanyar kasuwa sai ya fara tambayarka ko ka san inda arewa take. In ba ka sani ba ka shiga uku, sai ka sha karatu a tsaye cikin rana kafin ka ga kasuwa.

Babban aikinsa shi ne taswirar tsohuwar unguwa, wadda hukuma ta buga ta raba wa ofisoshi. Asalinta na rataye a falonsa cikin gilashi, sama da hoton aurensa. Baƙo bai isa ya zauna ba sai an kai shi gabanta ya yaba.

Sai dai akwai abu ɗaya a cikinta da ko matarsa ba ta sani ba. A lokacin da yake zana ta, masu ɗab'i sun addabe shi da sata, su kwafe aikinsa su buga da sunansu. Sai ya ɗana musu tarko irin na masu sana'ar: ya zana wani ɗan lungu a bayan injin niƙa, mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda ya ɓulle bakin titin asibiti. Babu lungun nan a ƙasa, katangar makaranta ce a wurin. Duk taswirar da ya gan shi a ciki, ya san ɓarawo ya zana ta. Ya yi niyyar goge shi in ya kama mutum ɗaya, amma yabo ya yi masa daɗi, ya bar shi har ya yi ritaya.

Bayan ritayarsa sana'ar ta koma cikin kwamfuta, wadda yake kira akwatin malalata. Amma da ƙungiyar masu safiyo ta aiko masa da takarda cewa tana so ya zama alƙali a gasar zana taswirar tsohuwar unguwa da kwamfuta, bai ce malalata ba. Ya sa aka goge masa kwat, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girman rubutu, ya isa ɗakin taron kafin mai buɗe ƙofa.

Alƙalan su uku ne. Akwai Farfesa, shugabansu, wanda ya rubuta littafi biyu a kan unguwar ba tare da ƙafarsa ta taɓa taka ta ba. Akwai wata mai zanen tallace-tallace, wadda in ta ga launi ya yi mata sai ta dafe ƙirji. Sai shi. Aka miƙa masa takardar ba da maki, ya duba: launi talatin, tsari talatin, burgewa talatin. Can ƙasa, kamar an tuna da shi a bakin ƙofa, inganci goma.

Aka kashe fitila, aka fara haska taswirorin a bango, guda goma sha biyu. Ta farko bishiyoyinta har kaɗawa suke yi. Kwatar bayan kasuwa, wadda ko akuya ba ta tsayawa kusa da ita, ta fito shuɗiya tas kamar ruwan sha.

"Kai, dubi wannan ƙorama!" in ji Farfesa.

Ba-Kuskure kuwa idonsa na bayan injin niƙa. Ga lungunsa nan, da lanƙwasarsa. Taswira ta biyu ma ga shi. A ta biyar an shuka masa bishiyoyi. A ta takwas wani mai himma ya buɗe shagon aski a ciki, har da lokacin buɗewa da rufewa. Taswira goma sha ɗaya, ɓarayi goma sha ɗaya, kowanne ya rubuta a ƙasa cewa ya zaga unguwar da ƙafarsa. Abin kunya, daɗi ya ji. Ashe har yanzu shi ake kwafa.

Sai aka hasko ta ƙarshe. Mai zanen talla ta ce, "Wayyo idona." Gaskiya taswirar ba ta da kyau. Launinta toka-toka, rubutu na hawa kan rubutu. Amma da ya matsa kusa da gilashinsa, sai ya ga abin da aka rubuta: nan mota ba ta wucewa in an yi ruwa, wannan gidan ta ƙofar baya ake bugawa, tsohuwar ba ta ji sosai, nan akwai rami, a bi ta hagu. A bayan injin niƙa kuwa layi ne ɗaya miƙaƙƙe, an rubuta katanga.

"Kun gani ko?" in ji Farfesa. "Ba kyau, ba inganci. Ta haɗiye lungu sukutum. Ko goman nan ba za ta samu ba." Ya juyo. "Baba, ga ka zaune, kai ka zana ta asali. Akwai lungu a nan ko babu?"

Gyaɗa kai kawai ake nema a wurinsa. In ya gyaɗa, ya koma gida da sunansa lafiya lau, mai gaskiya ɗaya a ɗakin ta tafi da sifili. In ya buɗe baki, shekara talatin da huɗu sun tafi a gaban yaran da yake kira malalata. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Don ya sami lokacin numfashi, sai ya ce a kira mai taswirar.

Wata mata ta taso daga kujerun baya, da takalmin roba da jakar aiki a kafaɗa. Ungozoma ce a asibitin unguwar, da waya ta haɗa taswirar a hanyarta ta zuwa gidajen masu jego.

"'Yata, me ya sa kika cire lungun bayan injin niƙa?" ya tambaye ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ai ban cire ba. Babu shi ne."

Farfesa ya yi murmushin manya. "Baiwar Allah, taswira goma sha ɗaya sun ce akwai, ta hukuma ta ce akwai. Ke kaɗai ce mai ido?"

"Ranka ya daɗe, ni dai goshin motarmu ya gaisa da katangar," in ji ta. "Bara muka ɗauko wata mai naƙuda, jini na zuba. Direba sabo ne, ya duba taswirar wayarsa, ta ce ga gajeriyar hanya ta bayan injin niƙa. Muka shiga, sai katanga. Wurin juyawa babu, da baya-baya muka fito. Minti ashirin. A cikin motar na karɓi haihuwar, a gindin katangar nan. Allah ya rufa asiri, uwa da ɗiya suna nan. 'Yar Katanga ake ce wa yarinyar a gidansu." Ta gyara jakarta. "Tun ranar na ce sai na zana tawa. Wanda ya sa lungun nan dai, Allah ya yafe masa, ban san me ya gani ba."

Ba-Kuskure ya miƙe.

"Bai ga komai ba," ya ce. "Ni ne. Ni na ƙirƙire shi don in kama masu kwafa. Babu lungu, ba a taɓa yin lungu ba. Duk wanda ya sa shi a taswirarsa, daga kujera ya zana ta."

Wanda ya zana shagon aski ya sunkuyar da kai. Mai zanen talla ta ce, "Amma fa Baba, lanƙwasar nan ta ƙawata wurin." Farfesa ya yi gyaran murya, ya ce wannan bayani ne mai muhimmanci, za a kafa kwamiti. Sannan aka tara maki yadda takarda ta ce. Ungozoma ta cinye gomanta na inganci cif, ta zo ta goma sha biyu. Mai bishiyoyi masu kaɗawa ya ɗauki kofi, da lungunsa da komai, aka yi ta tafi.

A bakin ƙofa babu wanda ya kira tsohon da sunan da aka saba. Wani ma cewa ya yi, "A sauka lafiya, Baba Mai Lungu," abokansa suka ƙyalƙyale. Ungozoma ce kaɗai ta tsaya. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta riga shi.

"Baba, in kana da lokaci ranar Asabar, zo ka duba mini arewata. An ce a karkace take."

"A karkace take," ya ce, idonsa ya ciko. "Zan zo."

Da ya isa gida la'asar ta yi. Bai cire kwat ba ya sauke taswirar daga bango, ya kwance gilashin, ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗauko reza ya hau kankare lungun. Takardar ta tsufa, yana kankarewa tana ɓarkewa, har wurin ya zama ɗan rami. Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga abin da ko ƙuda ba a bari ya sauka a kai yana shan reza.

"Ba-Kuskure, lafiya? Me kake kankarewa?"

Bai ɗago ba.

"Sunan nan da kika kira ni," ya ce.