Umarnin da Injiniya Sale Ya Bari a Kan Allo

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe biyar na yamma, ina ƙofar ofishin kwamfuta na makarantarmu a Haɗejiya, Shugaban Makaranta ya kira ni a waya. Ya ce kwalekwalen da ya ɗauki Injiniya Sale zuwa gonarsa ta shinkafa a wajen Auyo ya kife, an fito da gawarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata biyar kacal na yi a ƙarƙashinsa bayan na gama jami'a. Shi ya haɗa sabar makarantar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu: inji ɗaya ne a ido, amma a cikinsa akwai kwamfutoci huɗu da ba a taɓawa da hannu, ɗaya daga ciki ita ke riƙe da jarrabawar ɗalibai da sakamakonsu. Dukkansu suna zaune a kan faifan ajiya guda biyu, tagwaye, kowanne kwafin ɗan'uwansa.

Da damina, duk lokacin da kogi ya kawo, mukan kwance injin mu hau da shi bene. A nan ya koya mini cewa harafin da inji ke ba faifai a matsayin suna yana canzawa idan an sauya wayoyi. “Malam Habu,” yakan ce da ni cikin zolaya, “harafi laƙabi ne. Lambar da ke jikin faifai ita ce sunan yanka.” Bai taɓa goge faifai ba sai ya sa na karanto lambar da ƙarfi, shi yana bi da yatsa. Yakan ce ajiyar da ba ka taɓa gwada dawo da ita ba, fata ce kawai. Da wata ma'aikaciya ta goge aikinta ta zo wurinsa, bai yi faɗa ba. “Hajiya, ɗauke hannu tukuna. Abin da ba a rubuta wani a kansa ba, bai mutu ba.” Kafin azahar ya dawo mata da shi.

A makon da ya rasu ɗaya daga cikin tagwayen ya lalace, ya sayo sabo, wanda sai an goge shi kafin a haɗa shi. Bayan sadakar uku na buɗe ɗakin saba. Hularsa na kan kujera, fanka na juyawa kamar yanzu ya fita. A kan allo akwai umarnin goge faifai, an rubuta shi cif, ɗan layin nan yana ƙyaftawa, maɓalli ɗaya yake jira.

Shugaba ya leƙo ta bayana. “Habu, ai ya gama maka aikin. Danna mana, gobe yara na da jarrabawa.”

“Ranka ya daɗe, da harafi aka rubuta.”

“To, ba hannun Injiniya ba ne?”

Na ce a ba ni lokaci kaɗan. Na durƙusa na karanto lambobin da ƙarfi, ko da yake babu mai bi da yatsa. Harafin ba sabon faifai yake nunawa ba. Tsohon ne, shi kaɗai da ya rage da jarrabawar ɗaliban. Na share umarnin, na kwafe komai zuwa wani faifan na waje, na gwada kwafin ya tashi, sannan na haɗa sabon da lambarsa. Washegari ɗalibai suka zauna jarrabawarsu.

Akwai abin da har yau ban sani ba. Ban sani ba ko ya lura da kuskuren ne ya ɗauke hannu, sai kiran gona ya riske shi. Ban sani ba ko ni ya ɗana wa don ya gwada ni da safe. Ban san dalilin da ya sa mutumin da bai yarda da harafi ba ya rubuta harafi ba. Maigadi ya rantse ya ga Injiniya ya kulle ɗakin tun azahar, allon a kashe, kuma makulli biyu ne kawai: nawa, da wanda aka ciro daga aljihun Injiniya.

Na bar wa Allah sanin wannan. Ya Ubangiji Ka jiƙan Injiniya Sale, Ka karɓi shahadarsa, Ka haskaka makwancinsa. Ka ba iyalinsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka zame musu gata. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.